Suna Ɗaya, Ayyuka Barkatai: “Simple Present” na Ingilishi a Bakin Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi lokacin nan na nahawun Ingilishi da ake kira “simple present”, wanda shi ake fara koya wa yaro, shi ne kuma yake daɗewa bai zauna a bakinsa ba. Ta nuna cewa ayyukan da Ingilishi ya tara wa wannan lokaci guda, Hausa ta rarraba su ga lokutanta daban-daban, kuma kurakuran ɗalibi suna bin layin wannan rabo ne. Ta taɓo tarihin ɗafa-ƙeyar “-s” da na kalmar “do”, sannan ta kawo shawarar yadda malami zai jingina darasinsa da nahawun da yaron ya taho da shi daga gida.

Gabatarwa



Wata rana na ba ’yan ajin farko na ƙaramar sakandare aikin rubutu, na ce kowa ya faɗi sana’ar gidansu a jimla biyar. Wata yarinya mai tsabtar rubutu ta kawo littafinta, jimlarta ta farko ita ce “My mother is selling ƙosai every morning”. Na ja layi da jar biro ƙarƙashin “is selling”, na rubuta “sells” a sama. Ta dubi gyaran, ta dube ni, ta ce: “Malam, ai har yanzu tana sayarwa.” Abin da take nufi shi ne mahaifiyarta ba ta daina ba, sana’ar tana nan, don haka me zai sa a cire “is” da “-ing”? A ranar ban iya ba ta amsar da ta gamsar da ita ba. Abin da na sani na faɗa shi ne wanda aka faɗa mini ina yaro: idan an ga “every morning”, to a sa “simple present”. Ta karɓi dokar, ta haddace, ta kuma ci jarrabawar mako da ita. Da muka koma rubutun zube bayan wata ɗaya, “is selling” ta dawo.

Yarinyar nan ba ta yi kuskuren tunani ba. “Innata tana sayar da ƙosai kullum da safe” Hausa ce cikakkiya, kuma an riga an koya mata cewa “tana” daidai take da “she is”. Ta bi ƙa’idar da aka ba ta, ƙa’idar ce ta yi gajarta. Wannan maƙala ƙoƙari ne na ba ta amsar da na kasa bayarwa a wancan lokaci.

Abin ya wuce ado na magana. A Manufar Ilimi ta Ƙasa ta Nijeriya ta 1977 an tsara cewa yaro zai fara karatu da harshen gida ko na yankinsa, daga baya Ingilishi ya karɓi ragamar koyarwa. Da Ingilishi yake karanta kimiyya da lissafi, kuma ba ya samun gurbin jami’a sai da sakamako mai kyau a darasin Ingilishi na WAEC ko NECO. Littattafan kimiyyar nan kuwa kusan duk bayanansu da wannan lokaci aka rubuta su.

Sunan da ya rikita darasi

Kalmomi biyun da ke cikin sunan kowacce tana ɓatar da mai koyo. Mun saba fassara “simple” da “mai sauƙi”, alhali a wurin masu nahawu ma’anarta ita ce aikatau ya tsaya shi kaɗai, kalma ɗaya, ba a haɗa shi da mataimaki irin su “be” ko “have” ba. Siffar ginin ake nufi, ba a yi maganar wahala ko sauƙi ba. Ita kuma “present” ta sa yaro yana zaton abin da ke faruwa yanzu-yanzu ake faɗa da shi. Amma Bature idan yana cikin cin abinci aka tambaye shi me yake yi, “I am eating” zai ce. In ya ce “I eat”, sai a tsaya jiran ya ƙarasa: me yake ci, yaushe yake ci? Abin da ido ke gani a wannan daƙiƙa shi ne wanda wannan lokaci ya fi ƙarancin ɗauka.

Ba haka Ingilishi yake tun asali ba. A tsohon Ingilishi da na tsakiyar zamani, wannan siga guda ita ke ɗaukar abin da ake yi yanzu da abin da aka saba, kamar yadda Faransanci da Jamusanci suke yi har gobe. Sannu a hankali sigar “be” da “-ing” ta yi ƙarfi, ta ƙwace fagen abin da ake cikin yi, ta bar wa “simple present” sauran. Sunan ya zauna, aikin ya sauya. Wannan ne ma ya sa ɗalibin Maraɗi ko Damagaram, wanda ya biyo ta Faransanci kafin ya iso Ingilishi, yake da wata ƙofar kuskure da ɗan Kano ba shi da ita: “je mange” na iya jan sa ya ce “I eat now” a inda ake bukatar “I am eating”.

Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985, sun kasa ainihin aikin wannan lokaci gida uku: faɗin hali ko yanayi da yake a zaune, faɗin abin da aka saba, da faɗin abin da ke aukuwa nan take daidai da furucin. Bayan waɗannan akwai wuraren da ake aron sa: a ba da labarin abin da ya wuce, a faɗi abin da aka tsara nan gaba, ko a sa shi bayan “if” da “when”. Idan muka ɗauki waɗannan ayyuka muka tambayi Hausa yadda take faɗin kowanne, abin da za mu gani shi ne jigon wannan maƙala.

Inda Hausa ta ajiye kowane aiki

Duk wanda ya karanta nahawun M.K.M. Galadanci na 1976, ko manyan littattafan Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001, ya san cewa aikatau na Hausa ba ya ɗaukar lokaci a jikinsa. Zagin da ke gabansa ne yake ɗauke da mutum da jinsi da adadi da lokaci: ya zo, yana zuwa, yakan zo, zai zo. Haka kuma abin da muke kira lokuta a Hausa ya fi karkata ga yanayin aikin, ko ya kammala ko yana ci, fiye da agogo. Wannan bambanci tsakanin lokaci da yanayin aiki shi Bernard Comrie ya warware a littattafansa biyu na 1976 da 1985, kuma ina ganin malamin Ingilishi a ƙasar Hausa ya fi kowa bukatarsa.

Mu fara da sabo, tunda a nan yawancinmu muke tsayawa. Mukan ce wa yara “simple present” shi ne “-kan”: “he goes”, yakan tafi. Akwai gaskiya a ciki, amma ku saurari bakinku na yini guda ku ji sau nawa kuka ce “nakan”. Abin da muke yi kullum ba fashi, da lokaci mai ci muka fi faɗinsa: ina zuwa masallaci, yana noma, tana koyarwa a firamare. “Nakan je” tana ɗauke da ɗanɗanon jefi-jefi, abin da ake yi lokaci zuwa lokaci. Wajen korewa ma “ba na shan shayi” ta fi “ba nakan sha shayi ba” yawo a baki nesa ba kusa ba. Gaskiyar da ba ta sauyawa ita ma nan take: rana tana fitowa daga gabas, ruwa yana gangarowa daga tudu. Ke nan babban rabon “simple present” yana hannun “yana” da “tana”, waɗanda muka riga muka ɗaura wa aure da “is” da “-ing” tun ranar farko. Daga nan “is selling ƙosai” ta fito.

Sai aikatau masu nuna hali, waɗanda Zeno Vendler ya ware a matsayin rukuni na musamman a maƙalarsa ta 1957: sani, so, mallaka, fahimta, yarda. Ingilishi yana faɗinsu da “simple present”, yana kuma ƙin sa musu “-ing” muddin halin ake nufi. Hausa ta raba su biyu, kuma rabon ne ke haifar da kuskure iri biyu masu karo da juna a littafin yaro guda. Kashi na farko muna faɗinsu da shuɗaɗɗen lokaci ko da yanzu muke nufi: na san shi, na gane, na tuna, na yarda, ya fi ni, ya isa, ya dace. Yaron da aka koya wa cewa “na” da “ya” alamar abin da ya wuce ne, zai rubuta “I knew him” yana nufin mutumin da ya sani yau. Kashi na biyu muna faɗinsu da lokaci mai ci: ina so, ina ji, ina gani, ina tsammani, ina da. Daga nan ake samun “I am having two brothers” da “I am hearing you”. Malamin da bai lura da tushen ba zai ga kamar yaron ba shi da tsari, yau ya ja abu baya, gobe ya sa masa “-ing”. Tsarin yana nan daram, na Hausa ne.

A nan sai an yi hattara, domin haramcin “-ing” ɗin ba na kalmar ba ne, na ma’anar ne. “I am having lunch” daidai ce, don “have” a nan ci take nufi, ba mallaka ba. “I am seeing the doctor tomorrow” daidai ce, don ganawa ake nufi. Jerin kalmomin da mukan rubuta a allo mu ce “waɗannan ba sa ɗaukar -ing” yana rushewa ranar da yaro ya ci karo da irin waɗannan jimloli a littafin karatu.

Aiki na uku shi ya fi burge ni. J.L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya ja hankali ga maganganun da faɗinsu shi ne aikata su: alkawari, rantsuwa, neman gafara, buɗe taro. Ingilishi da “simple present” yake yin su: “I promise”, “I apologise”, “I accept”, “I declare this meeting open”. Mu je wurin ɗaurin aure mu ji Hausa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya ce “na bayar”, wakili ya ce “na karɓa”, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha. Auren bai ɗauru ba sai a daidai lokacin da kalmomin suka fita, amma da sigar abin da ya kammala aka faɗe su. Haka “na rantse”, “na yafe”, “na yi alkawari”, har da “na gode” da muke faɗa sau ba adadi a yini. Hikimar Hausa ita ce kafin ka rufe baki aikin ya gama, don haka kammalalle ne. Hikimar Ingilishi ita ce aikin da furucin lokacinsu ɗaya. Kowanne da hujjarsa, amma ɗalibin da zai rubuta takardar neman afuwa ya rubuta “I apologised” ya mayar da neman afuwarsa labarin jiya.

Mai sharhin ƙwallo ma haka. Na Ingilishi yana cewa “he passes, he shoots, he scores”. Namu a rediyo cewa yake ya ɗauka, ya miƙa, ya buga, ta shiga raga. Kanun jarida kuma, inda Bature zai rubuta “Governor opens new market” kan abin da aka yi jiya, editan Hausa “Gwamna ya buɗe sabuwar kasuwa” zai rubuta. Na sha ganin ɗalibai sun karanta irin wannan kanu sun fahimce shi da cewa gwamnan yakan buɗe kasuwa ne a kai a kai, domin sabo kaɗai aka ce musu lokacin yana nunawa.

Abin da aka tsara nan gaba ba ya bukatar dogon bayani: “the train leaves at eight tomorrow”, mu kuwa jirgi zai tashi ƙarfe takwas. Yaro ya ce “will leave” bai yi laifi ba, iyaka dai ya rasa ɗanɗanon jadawali. Inda laifin yake shi ne bayan “if”, “when”, “until” da “before”. Ingilishi yana cewa “when he comes, give him the key”. Hausa tana cewa idan ya zo ka ba shi makulli, da shuɗaɗɗen lokaci, domin sai zuwan ya kammala bayarwar za ta biyo. Yaro ɗaya zai bi Hausar ya rubuta “when he came”. Wani mai wayo zai lura cewa mutumin bai zo ba tukuna, ya rubuta “when he will come”. Dukansu sun yi tunani, dukansu sun faɗi. Ga kuma “kafin ya zo”, inda “ya” ɗin gajere ne mai karin sautin ƙasa, irin na umarni da fata, wanda rubutunmu na yau da kullum bai bambanta shi da dogon “ya” na shuɗaɗɗe ba. Shi ma “before he comes” ne a Ingilishi.

Tun 1957 Robert Lado ya yi kiran a riƙa kwatanta harshen ɗalibi da wanda yake koyo don a hango wuraren tuntuɓe. An soki ra’ayin daga baya, kuma sukar tana da tushe, domin ba kowane kuskure ne daga harshen uwa yake ba. Sai dai Pit Corder a 1967 ya nuna cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa, Larry Selinker kuma a 1972 ya raɗa wa wannan tsarin tsaka-tsaki suna. Abin da na zayyana a sama misali ne na inda ra’ayoyin biyu suka haɗu: kuskuren yana da tsari, tsarin kuma ana iya bin sawunsa har gida.

Wutsiyar “-s”

A gefen siga, abin da ya rage wa wannan lokaci na ado ɗaya ne tak: “-s” a kan mutum na uku tilo. Tsohon Ingilishi yana da ɗafa-ƙeya dabam-dabam ga mutum na ɗaya da na biyu da na uku da jam’i, suka zube suka bar wannan. Ita ma ba ita ce ta asali a kudancin Ingila ba. Can “-eth” ake sawa. “-s” daga arewa ta taso, ana ganin ta tun ƙarni na 10 a fassarar da Aldred ya rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne, ta yi ta gangarowa har ta cinye Landan. Shakespeare ya yi amfani da duka biyun, “hath” da “has”, “doth” da “does”, fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 kuwa ta riƙe tsohuwar. Har yau akwai Turawan da ba sa sa ta a maganar gida: Peter Trudgill ya nuna haka a bincikensa na birnin Norwich da aka buga a 1974. Ina kawo wannan ne don mu san cewa wutsiyar nan ba ta ɗauke da wata ma’ana da “he” ko “she” ba su riga sun faɗa ba. Abin da ba a rasa komai in an yar da shi, kunne ba ya saurin kama shi.

Bincike ya tabbatar da haka. Roger Brown, a littafinsa na 1973, ya bi yara uku ’yan Amurka yana lura da yadda ƙananan ƙwayoyin nahawu 14 suke zama a bakinsu. “-ing” ce ta fara zama. “-s” ta jam’in suna ta zo ta huɗu. “-s” ta aikatau sai a ta goma, duk da cewa sautinsu ɗaya da ta jam’i. Heidi Dulay da Marina Burt a 1974 sun duba yara masu jin Sifaniyanci da Sinanci da ke koyon Ingilishi, suka tarar ita ma a wurinsu tana cikin na ƙarshe-ƙarshe. To abin da ɗan Bature yake jinkirin kamawa a gidan ubansa, shi muke sawa a makon farko na manhaja, mu kuma yi fushi idan bai zauna ba a mako na biyu.

Bahaushe yana da ƙarin nauyi biyu. Na farko na furuci ne. Gaɓar Hausa ba ta wuce baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi ɗaya. Ba mu tara baƙaƙe a farko ko ƙarshen kalma, shi ya sa “bench” ta zama benci, “bread” ta zama burodi. Ka ce wa mai wannan harshe ya furta “asks” ko “helps” ko “wants”, baƙi uku a jere ba wasali, dole ɗaya ya faɗi, kuma na ƙarshen ne ke faɗuwa. Abin da baki bai furta ba, hannu yakan manta da shi. Ga shi kuma wutsiyar furuci uku gare ta: “s” a “walks”, “z” a “runs”, “iz” a “washes”.

Nauyi na biyu na hankali ne. An koya wa yaro cewa “-s” alamar yawa ce: “boy”, “boys”. Ya kuma saba da Hausa inda jam’i ke kiran jam’i: yara sun zo, manyan gidaje, jajayen huluna. Da ya ga “the boys”, hankalinsa zai ba shi “plays”, don su dace. Da ya ga “the boy”, ya ba shi “play”. Ingilishi kuwa akasin haka yake so, kamar “-s” ɗaya ce ke yawo, in tana kan suna ba ta kan aikatau. Ban taɓa ganin littafin firamare da ya tsaya ya gaya wa yaro a fili cewa waɗannan “-s” biyu ba dangin juna ba ne, kama ce kawai ta haɗa su.

“Do” zagi ne

Wajen tambaya da korewa Ingilishi yana kawo baƙuwar kalma wadda ba ta cikin jimlar farko. “He works” ta koma “he does not work” da “does he work?”. Wannan ma sabon abu ne a tarihin harshen. Alvar Ellegård, masani ɗan Suwidin, ya bi diddiginsa a 1953, ya nuna yadda “do” ta yaɗu a ƙarni na 16 da na 17 har ta zama dole a tambaya da korewa. Hausa ba ta juya jimla don tambaya. Muna ɗaga murya a ƙarshe, ko mu sa “shin” ko “ko”, kalmomin suna nan a jerensu. Shi ya sa ake jin “where you live?”. Wanda ya koyi “does” kuma yakan ninka alamar: “does he works?”, “she doesn’t knows”.

Amma a nan ne nake ganin Bahaushe ya fi ɗaliban harsuna da yawa sa’a, mu malamai ne ba mu ci moriyar abin ba. Me “does” take yi? Tana tsayawa gaban aikatau, ta ɗauke masa mutum da adadi da lokaci, ta bar shi tsurarsa. Wannan shi ne aikin zagi a Hausa tun fil azal. A “bai tafi ba” da “ba su tafi ba”, “tafi” ba ta motsa ba, na gabanta ne ya ɗauki kayan. Da na fara ce wa ɗalibaina “does” ɗan dako ne, in ya zo shi ke ɗaukar “-s”, kuma kaya ɗaya ba a ɗora wa mutum biyu, sai na ga “doesn’t knows” ta fara ja da baya a rubutunsu. Jimlar da ta saɓa wa Hausa ita ce ta tabbatarwa, “he works”, inda aikatau ke ɗaukar kayansa da kansa. Ta korewa da ta tambaya ginin gida ne.

A cikin aji

Shawarata ta farko ita ce a daina gabatar da wannan lokaci a darasi ɗaya da jerin ayyukansa a allo. A ɗauki aiki guda, a fara da jimlar Hausa. Malam ya rubuta “Ladi tana daka”, ya tambayi aji: yanzu take dakan, ko sana’arta ce? Za su ce ai ya danganta. Sai ya ce musu Hausa ta bar wa mai sauraro ya gane daga zancen, Ingilishi kuwa tilas mai magana ya zaɓa tun kafin ya buɗe baki: “is pounding” ko “pounds”. Wannan ita ce amsar da yarinyar ƙosai take nema. Mahaifiyarta ba ta daina sayarwa ba, gaskiya ne, amma a lokacin da ’yar take rubutu a aji da hantsi, kaskon yana kife. Ingilishi kaskon yake tambaya: yana kan wuta yanzu, ko a’a?

Wannan yana nufin a bar Hausa ta shiga ajin Ingilishi. Na san makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa, na kuma san niyyar masu yin haka mai kyau ce. Amma yaron yana fassara a zuciyarsa ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Gara a fito da fassarar fili a gyara ta, da a bar ta a ɓoye tana ɓarna. Minti biyar na kwatanci ya isa, sauran darasin a yi shi da Ingilishi.

Aikatau masu nuna hali a koyar da su a rukuni biyu yadda Hausa ta raba su: ’yan gidan “na sani” a rana ɗaya, ’yan gidan “ina so” a wata ranar, domin maganin kowanne dabam. Game da “I am having” da “I use to go”, waɗanda suka zama ruwan dare a Ingilishin Nijeriya har a bakin masu digiri, kuma masana irin su David Jowitt sun yi rubutu a kan wannan nau’in Ingilishi tun 1991, ra’ayina shi ne a gaya wa ɗalibi gaskiya. Zai ji su a ofis da rediyo, ba kuma wanda zai kasa fahimtarsa in ya faɗe su, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja musu layi. Yaro yana iya riƙe riga biyu, ta gida da ta fita, in an nuna masa wacce ce wacce.

Ita kuwa “-s”, a fara ta da baki kafin biro, kuma da kalmomin da ke ƙarewa da wasali, waɗanda gaɓar Hausa za ta iya ɗauka ba wahala: “goes”, “sees”, “buys”, “knows”. Sai masu “iz”, tunda wasali ya raba baƙaƙen: “washes”, “teaches”. Masu cunkoson baƙaƙe a bar su ƙarshe, a kuma riƙa jingina su da kalma mai farawa da wasali, “asks us”, “wants it”, don “s” ta sami abin dafawa. Wajen duba rubutu, kada jar biro ta yi wa kurakuran nan kuɗin goro. Yaron da ya rubuta “he go to farm every day” ya zaɓi lokacin da ya dace, wutsiya kawai ya yar, kuma bincike ya nuna za ta zo a makare ko da wane irin malami ne. Wanda ya rubuta “he is going to farm every day” jimlarsa ta fi kama da cikakkiya a ido, amma shi ne bai kama bambancin ba tukuna. Na farkon a sa masa ɗigo a gefe ya nemo abin da ya ɓace da kansa. Na biyun a kira shi gaban tebur, a tambaye shi da Hausa: yanzu yake tafiya gonar, ko kullum?